Wane mazubi ne zai riƙe sharar nukiliya shekara 100,000?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a sakandare. Na ji an ce a Finlan za a binne sharar nukiliya cikin tulunan jan ƙarfe, wai za su kai shekara 100,000 ba su huje ba. Mu nan kwanon rufi shekara 20 ya yi ya cinye da tsatsa, bututun ruwa ma haka. Ta yaya mutum zai yi alƙawarin abin da ba wanda zai rayu ya gani? Gaskiya ne ko romon baka?

Amsa: Malam, kwanon rufin nan da ka kawo misali da shi shi ne bakin zaren, don haka bari mu fara daga kansa. Ƙarfe ba ya tsatsa don tsufa. Yana tsatsa ne don ya samu ruwa da iskar oksijin a lokaci guda, kuma kwanon rufi yana samun su biyun kullum: raɓa da asuba, rana ta busar, damina ta zo ta wanke ɓawon da ya fara kare shi, a sake sabon lale. Ɗauke wa ƙarfen nan iska ka ga yadda labari zai sha bamban.

Wajen shekara ta 87 miladiyya sojojin Rum suka tashi daga wani sansaninsu a Inchtuthil, cikin Sikotilan ta yau. Suna da ƙusoshi fiye da 800,000 da ba za su iya ɗauka ba, sai suka haƙa rami suka zuba, suka rufe da ƙasa, da alama don kada mutanen yankin su ƙera makamai da su. Da masu tonon tarihi suka buɗe ramin wajen 1960, ƙusoshin da ke gefe sun haɗe sun zama dunƙulen tsatsa, amma na tsakiya suna nan da tsininsu, kamar a ɗauko guduma a buga. Na waje sun shanye ɗan oksijin ɗin da ke akwai, na ciki suka tsira. Shekara kusan 1,900 ke nan, kuma baƙin ƙarfe ne na maƙera, ba wani na musamman ba.

Shi ya sa mu masu aikin tsatsa da lalacewar ƙarafa idan aka tambaye mu wane ƙarfe ne ya fi ƙarko, sai mu mayar da tambaya: a ina za a ajiye shi? Ƙarkon mazubi rabonsa biyu ne, rabi na abin da aka ƙera shi da shi, rabi na wurin da zai kwanta. Duk ƙasar da ta tsara wurin binne shara tana zaɓen dutse ko yumɓu ko gishiri tukuna, sannan ta zaɓi ƙarfen da zai yi zaman lafiya da shi.

Amma kafin nan, daga ina aka samo wannan 100,000 ɗin? Sharar da ake magana a kai ita ce sandunan makamashin da suka gama aiki a tukunyar nukiliya. Cikinsu akwai sinadarai iri-iri masu fitar da tiririn da ido ba ya gani, wato radiyeshan, kuma kowanne da saurin mutuwarsa. Siziyam-137 da sitirontiyam-90, waɗanda su ne ke kawo mafi yawan zafi a farko, rabin ƙarfinsu na tafiya cikin shekara kamar 30. Ka ninka wannan sau 10, shekara 300, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Fulutoniyam-239 kuwa sai ya yi shekara 24,100 kafin rabinsa ya tafi. Idan aka haɗa lissafin duka, sai wajen shekara 100,000 ne gubar sandunan ke saukowa daidai da ta ɗanyen yuraniyam ɗin da aka haƙo aka yi su da shi. Ka lura da abu ɗaya a nan, don zai yi amfani a gaba: mafi munin lokaci shi ne 'yan ɗaruruwan shekarun farko. Bayansu haɗarin na nan, amma ya ragu ƙwarai, zafin ma ya kwanta.

Tsarin da ka ji labarinsa ana kiransa KBS-3. Kamfanin SKB na Suwidin ne ya fitar da shi, kamfanin Posiva na Finlan ya ɗauka yana aiwatarwa a Onkalo, tsibirin Olkiluoto, inda aka fara haƙa a 2004 aka gangara fiye da mita 400 cikin dutsen da ya kusa shekara biliyan 2. A 2024 suka fara gwajin aikin gaba ɗaya da tulunan da babu shara a ciki. Su ma Suwidin sun fara aikin gina nasu a Forsmark a Janairun 2025, mita 500 a ƙasa, don tulu kusan 6,000.

Tulun kansa tsawonsa kusan mita 5 ne, faɗinsa mita 1 da ɗan ɗoriya, idan an cika shi yana kai tan 25. Ciki zubin baƙin ƙarfe ne mai ramuka, nan ake zura sandunan. Waje kuma rigar jan ƙarfe mai kaurin santimita 5. An raba musu aiki: baƙin ƙarfe ya ɗauki nauyi, jan ƙarfe ya tare tsatsa. Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne, don ana sa ran zamanin ƙanƙara zai dawo wa wannan yanki kamar yadda ya yi a da, ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta zauna a kan ƙasa. An kuma tsara tulun ya jure idan dutsen ya tsage ya goce da santimita 5 ta tsakiyarsa. Jan ƙarfen an tace shi an cire masa oksijin, an ɗiga masa fosfaras kaɗan don ya riƙa miƙewa a hankali maimakon ya tsage. Murfin ma ba waldar wuta ake yi masa ba. Wani ƙarfe ne mai juyawa ake dannawa a bakin haɗin, gogayya ta tausasa jan ƙarfen kamar tuwo ba tare da ya narke ba, ya cakuɗa ɓangarorin biyu su zama ɗaya, sannan a duba da na'urar sauti da hoton eksire.

Sai dai ni a ganina gwarzon wannan tsari ba jan ƙarfe ba ne, yumɓu ne. Kowane tulu ana saka shi cikin rami mai zurfin kamar mita 8, a kewaye shi da tubalan yumɓun bentonayit da aka danne da inji. Masu haƙa rijiyar burtsatse sun san shi, shi ne garin da suke damawa a zuba cikin rami. Za ka iya nuna wa ɗalibanka: zuba cokali guda a kofin gilashi, ka ƙara ruwa, ka dawo da safe. Za ka tarar ya kumbura ya ninka kansa, ya zama kamar kamu mai santsi. To, a cikin ramin dutse ba shi da inda zai kumbura ya je, sai ya matse kowace kafa, har ruwa ya kasa gudu ta cikinsa. Abin da zai isa ga tulu sai dai ya tsiyaya ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra. Matsin kuma yana hana ƙwayoyin bakteriya sakewa. Saboda wannan yumɓu ne ake barin sandunan su huce cikin ruwa shekara 30 zuwa 40 kafin a binne, kuma ake ba da tazara tsakanin tuluna, don kada zafinsa ya kai digiri 100 ya canza masa hali.

Me zai ci jan ƙarfe a can ƙasa? Oksijin ɗin da aka rufe tare da shi yana ƙarewa da wuri, duwatsu da bakteriya su shanye. Bayan nan babban abokin gaba shi ne salfayid, sinadarin da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai warinsa, wanda akwai kaɗan a ruwan ƙarƙashin ƙasa, wasu bakteriya kuma na ƙara samar da shi. Idan ya taɓa jan ƙarfe sai ya yi masa baƙin ɓawo. To amma ba zai ci fiye da abin da ya iso ba, yumɓu kuwa ya tsare hanya. Lissafin SKB ya nuna muddin yumɓun na nan daram, abin da zai tafi ko cikin shekara miliyan guda 'yan milimita ne daga cikin 50. Inda lissafin ke yin tsami shi ne idan ruwan narkakkiyar ƙanƙara, wanda ba shi da gishiri, ya riƙa kwashe yumɓun sannu a hankali daga wasu ramuka. A nan su da kansu sun amince wasu tuluna ƙalilan za su iya hujewa, amma bayan ɗaruruwan dubban shekaru.

Ba kowa ya yarda ba, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. Tun 1986 wani masani a cibiyar fasaha ta KTH da ke Stockholm, Gunnar Hultquist, ya ce ya ga jan ƙarfe na lalacewa cikin tsantsar ruwan da babu oksijin, yana fitar da iskar haidurojin. Littattafan kimiyya sun ce hakan ba ya faruwa sai kaɗan ƙwarai da ba a ƙirgawa. A 2007 shi da Peter Szakálos suka sake fito da maganar, aka yi ta kai ruwa rana. Masu bincike a jami'ar Uppsala suka maimaita gwajin da jan ƙarfe mai tsabta sosai, ba su ga haidurojin na ci gaba da fita ba. Duk da haka a Janairun 2018 kotun ƙasa da muhalli ta Suwidin da ke Nacka ta ce ba ta gamsu ba, sai an ƙara hujja kan tulun: batun ruwa marar oksijin, da ƙananan ramukan da salfayid ke iya haƙawa, da tsagewa saboda matsi da tsatsa, da haidurojin da ke sa ƙarfe gautsi, da tasirin radiyeshan. A rana guda hukumar kula da radiyeshan ta ƙasar ta ce ita ta gamsu. SKB ya ƙara takardu a 2019, gwamnati ta ba da izini a Janairun 2022. Ra'ayina, ko da Hultquist na da gaskiya a ɗakin gwaji, abin na tsayawa da kansa da zarar haidurojin ya taru ba shi da mafita, kuma cikin yumɓun da ya matse mafitar ƙanƙanuwa ce. Amma gardamar ta yi amfani. Ta tilasta aka sake gwaje-gwajen da da an ɗauka an gama da su, kuma batun salfayid da tsagewa har yanzu ya cancanci a sa masa ido.

Wasu ƙasashen ba su bi ta jan ƙarfe ba sam. Faransa na shirin binne tata a Bure, mita 500 cikin wani shimfiɗaɗɗen yumɓu mai shekara miliyan 160, Siwizalan ma yumɓu ta zaɓa a 2022. Su biyun baƙin ƙarfe mai kauri za su yi amfani da shi, suna sane sarai zai yi tsatsa. Hujjarsu ita ce baƙin ƙarfe ba ya munafunci: inda babu oksijin yana cinyewa bai ɗaya, a hankali, abin da bai wuce kashi kaɗan cikin 1,000 na milimita ba a shekara, don haka ana iya lissafa ranar mutuwarsa. Aikinsa ya riƙe sharar har zafi ya wuce, daga nan yumɓun ƙasa ya karɓa. Matsalarsa ita ce haidurojin da yake fitarwa, wanda dole a tabbatar ya samu hanya bai fasa yumɓun ba. Kanada ta raba gardama, tulun baƙin ƙarfe da fentin jan ƙarfe mai kaurin milimita 3. Amurka kuwa da ta zaɓi dutsen Yucca a Nevada, inda ramin ke sama da ruwan ƙasa kuma iska na shiga, sai da ta koma ga wani haɗin nikel mai tsada da ake kira Alloy 22, da rumfar taitaniyam a kai don tare ɗigar ruwa. Ka ga abin da na faɗa tun farko, wuri ne ke zaɓen ƙarfe. Aikin Yucca ɗin ma siyasa ta tsayar da shi, an daina ba shi kuɗi tun wajen 2011.

Akwai kuma shingen da ke can ciki, wato jikin sharar kanta. Makamashin da ke cikin sanduna 'yan ƙwayoyi ne masu tauri kamar tangaran, ba sa narkewa da sauƙi a ruwan da babu oksijin. Faransa kuma, da yake tana sake tace makamashinta a La Hague, ragowar ruwan guba tana narka shi ne tare da gilashi, a zuba cikin gwangwanin ƙarfe marar tsatsa, kusan kilo 400 kowanne. Ba a cikin kwalba sharar take ba, ta zama ɓangaren gilashin kansa, kamar launin da ke jikin koriyar kwalba. Kafin ta fita sai gilashin ya narke, shi kuwa idan ruwa ya taɓa shi yakan yi wata fata a sama da ke rage saurin cin.

Yanzu ga ainihin tambayarka: ta yaya aka sani? Ba wanda ya gwada shekara 100,000, kuma duk wanda ya ce maka yana da tabbas irin na gani da ido ya wuce gona da iri. Hanya biyu ake haɗawa. Ta farko ɗakin gwaji. Na yi shekaru ina wannan aikin: ka yanka ɗan fallen ƙarfe kamar girman katin waya, ka goge, ka auna a sikelin da ko numfashinka na motsa shi, ka binne cikin yumɓu a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ka dawo bayan shekara biyu ko uku ka sake aunawa. Sau da yawa bambancin ya yi ƙanƙanta har kana shakkar ko sikelin ne ke wasa da kai. Daga irin wannan ake fahimtar yadda cin ke tafiya, a gina lissafi, kuma a duk inda aka yi shakka a ɗauki mafi munin adadi. Amma shekara 3 ba 100,000 ba ce, don haka sai a nemi shaida ta biyu, wato abubuwan da suka riga suka yi doguwar kwanciya. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Kronan ya nutse a 1676, aka gano shi a 1980. Wata igwar tagulla daga cikinsa ta yi shekara 300 da wani sashenta a cake cikin yumɓun teku, abin da ya ci daga jikinta bai wuce kaurin silin gashi ba. An nazarci dunƙulen gilashin Rumawa da ya yi shekara kusan 1,800 a teku kusa da tsibirin Embiez na Faransa. A Michigan ta Amurka ana samun tsantsar jan ƙarfe a cikin dutse da ya yi shekara kusan biliyan guda a haka. Mafi ban mamaki shi ne Oklo a Gabon, inda a 1972 aka gano cewa shekara kusan biliyan 2 da suka wuce ma'adinin yuraniyam ya kunna kansa ya yi aiki kamar tukunyar nukiliya. Babu tulu, babu walda, amma fulutoniyam ɗin da ya samar bai yi nisa daga inda aka haife shi ba, ko da yake wasu sinadarai masu saurin bin ruwa sun fice. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi daidai da ramin Onkalo ɗari bisa ɗari. Amfaninsu shi ne idan lissafinmu ya kasa bayyana igwar Kronan, to mun san lissafin ne ke da gyara.

Inda aka taɓa jin kunya kuwa, ba a irin waɗannan tuluna ba ne. A Asse ta Jamus, daga 1967 zuwa 1978 an zuba duro kusan 126,000 na shara mai ƙarami da matsakaicin ƙarfi cikin tsohuwar mahaƙar gishiri, wasu ma juye su kawai aka yi daga kan mota. An ɗauka gishiri busasshe ne har abada. Daga 1988 ruwa ya fara shiga, kusan lita 12,000 a rana, duron ƙarfe kuwa da ruwan gishiri ka san ba sa ga maciji. A 2013 aka yi doka cewa a kwaso su, aikin da zai ci shekaru masu yawa. A Amurka kuma, ranar 14 ga Fabrairun 2014, duro guda ya fashe a ma'ajiyar WIPP da ke New Mexico, mita 655 cikin gishiri. Dalili? Ana zuba ƙasar da ake sa wa kyanwa ta yi bahaya a kai don ta tsotse danshin shara, ita kuwa ta asali yumɓu ce. A ɗakin binciken Los Alamos aka musanya ta da wata da aka yi da alkama, ta haɗu da gishirin naitiret da ke cikin sharar, zafi ya taso daga ciki, murfi ya tashi. Sai da wurin ya yi kusan shekara 3 a rufe. Duron bai yi tsatsa ba, abin da aka zuba masa ne ya ci shi. Shi ya sa idan ana muhawara kan abin da zai faru a shekara ta 90,000, ni hankalina ya fi tafiya ga ma'aikacin da ke duba walda ta 4,000 ranar da ya gaji, da kuma takardar da ke cewa ga abin da ke cikin kowane mazubi.

Don haka ba romon baka ba ne, sai dai a gyara yadda ake faɗinsa. Ba a ce kowane tulu zai kai 100,000 ba tare da ko ɗaya ya gaza ba. Abin da ake nema a nuna wa hukuma shi ne ko wasu sun gaza, yumɓu da dutse za su jinkirta abin da ya fita har ya zama abin da zai iso ga mai shan ruwan rijiya a sama bai kai ko kusa da radiyeshan ɗin da yake samu daga ƙasa da sararin sama a kullum ba. Wanda ya fi wuyar tarewa ma ba fulutoniyam ba ne, don shi yana manne wa yumɓu. Aidin-129 ne, mai bin ruwa, wanda rabinsa ke ɗaukar shekara miliyan 15 da ɗoriya, kuma shi ne ke yawan fitowa a saman lissafin.

Abin da ya fi damuna a yau yana saman ƙasa. Mafi yawan irin wannan shara mai ƙarfi a duniya ba ta shiga rami ba tukuna. Amurka kaɗai na da kusan tan 90,000 na tsofaffin sanduna, cikin tafkunan sanyaya da manyan gwangwanayen ƙarfe marar tsatsa da aka sa cikin rigar kankare a filin tashoshi. An yi su ne don 'yan shekaru goma-goma, ga shi zaman na neman zarcewa. A Jamus izinin tulunan ajiyar wucin gadi da ake kira CASTOR na shekara 40 ne, na ma'ajiyar Gorleben zai ƙare a 2034, alhali ko wurin binnewa ba a zaɓa ba. Su waɗannan suna cikin halin kwanon rufinka ne, ga iska ga danshi. Ƙarfe marar tsatsa kuma yana da lagonsa: idan tashar na bakin teku, gishirin iska na sauka a jikinsa, ya jawo laima, ya fara siririyar tsaga daidai gefen walda inda ƙarfen ke a ɗaure. Ba mutumin da zai leƙa tsakanin gwangwanin da kankarensa saboda radiyeshan, don haka yanzu 'yan ƙananan na'urori masu kyamara ake zurawa ta kafar iska, su bi jikin ƙarfen suna ɗaukar hoto, suna kankaro ƙurar da ta kwanta a kai a je a auna gishirin da ke cikinta.